Tambayi Likita: Targaɗen da ya ƙi rabuwa da ɗan rawar Koroso

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗan rawar Koroso ne a Kano, shekarata 24, kuma da wannan sana'a nake rufa wa kaina asiri. Sau uku ke nan a shekara guda ina yin targaɗe a idon sawuna na dama, kullum wajen dirowa daga tsalle. Duk sanda abin ya faru mai ɗori yakan ja mini ƙafar, a gasa ta da ruwan zafi, ni kuma in sha diclofenac in koma fili bayan kwana uku. Yanzu ko a hanya mai gargada ƙafar gurɗewa take yi. Yaya zan yi, ga bukukuwan bayan Sallah sun ƙarato?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bisa ga bayaninka, da alama targaɗen farko ne bai warke ba har yau. Idan ƙafa ta lanƙwashe ciki wajen dira, jijiyoyin da ke ɗaure ƙasusuwan idon sawu ta gefen waje su ne suke miƙewa fiye da kima ko su ɗan yage. Matsakaicin targaɗe yakan ɗauki mako 3 zuwa 6 kafin ya warke, kai kuwa kwana uku kake ba shi, sannan ka ɗaura akayau ka koma dira a kan siminti.

Ban raina masu ɗori ba, amma jan ƙafar da jijiyarta ta yage ƙara ɓarna yake yi, ruwan zafi kuma a kwana biyun farko kumburi yake ƙarawa. A waɗannan kwanaki sai ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20 bayan kowace awa biyu ko uku, ka ɗaure wurin da bandeji ba tare da matsewa sosai ba, kuma idan ka kwanta ka ɗora ƙafar a kan matashi. Idan ka kasa yin taku huɗu, ko ƙashin kansa yana zafi in an danna shi, to sai an ɗauki hoto, domin tsagewar ƙashi takan yi kama da targaɗe.

Maganin da kake sha shi ya fi damuna. Yana kashe zafin da ya kamata ya tsayar da kai, sai ka ci gaba da taka rawa a kan rauni. Yawan shan sa, musamman da yunwa, yana jawo gyambon ciki, kuma ga wanda ya wuni yana gumi a rana bai sha isasshen ruwa ba, yana iya taɓa ƙoda. Tramadol kuwa, da wasu suke sha wai don ƙarin kuzari, kada ma ka kusance shi.

Gurɗewar da kake gani a hanya tana nuna cewa ƙafar ta rage jin yadda take taka ƙasa, kuma wannan da atisaye ake dawo da shi. Kullum ka tsaya da ƙafar ita kaɗai na daƙiƙa 30, kusa da bango don dafawa. Idan ka saba sai ka rufe ido, daga baya ka tsaya a kan matashi. Ka riƙa ɗaga dunduniya kana saukewa a hankali, kana kuma zana haruffa a iska da babban yatsa. Kada ka koma tsallen rawa sai ka iya yin ɗan tsalle da ƙafar ita kaɗai babu zafi.

Tunda sau uku ne, ka je Asibitin Ƙashi na Dala a duba maka, su haɗa ka da masu gashin ƙashi na asibiti. Bukukuwan bana kuma, ka roƙi shugaban ƙungiyarku ya ba ka ɓangaren da babu tsalle, ka ɗaure idon sawun kafin ka sa akayau, kuma ka yi minti goma kana ɗumama jiki kafin makaɗa su fara.