Tambayi Injiniya: Rijiyata za ta iya shayar da injin wanke yashi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da gidan bulo a wajen Kano, ta hanyar Zariya. Masu tifa suna yawan kawo min yashi mai laka, har 'yan kwangila sun fara ƙorafin bulona yana marmashewa. Wani dila ya yi min tallar injin wanke yashi ɗan Chana mai cin tan 30 a awa, ya ce ruwan da yake sha bai taka kara ya karya ba. Rijiyar burtsatsen da nake da ita tana cika tanki mai lita 10,000 cikin awa uku. Za ta ishe ni? Ruwan dauɗar kuma, zan iya sakinsa a rafin da ke bayan filina?
Mai gidan bulo, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara kasuwa.

Kafin ka ba dila ko sisi, ka samo kwalba mai fadin baki, ka zuba yashin nan zuwa rabinta, ka cika da ruwa, ka sa ɗan gishiri, ka girgiza sosai, ka ajiye ta kwana. Da safe za ka ga yashi a ƙasa, laka ta kwanta a kansa kamar shimfiɗa. Ka auna kaurinta da rula. Ma'aunin Amurka na ASTM C33, wanda injiniyoyinmu da yawa ke aiki da shi, bai yarda garin da ya fi milimita 0.075 laushi ya wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin yashin kankare ba. Kwalba ba ɗakin gwaji ba ce, amma za ta nuna maka inda ka dosa. In lakar 'yar kaɗan ce, sauya mai tifa ya fi maka sauƙi. Yashin tsakiyar kogi ruwa ya riga ya wanke shi. Na rami da na bakin gaɓa shi ne ke zuwa da yumɓu.

To mu ƙaddara sai an wanke. Injin irin wannan yakan nemi lita 1,000 zuwa 2,000 a kan kowace tan, wani lokaci ma fiye, gwargwadon dauɗar yashin. Mu ɗauki tsakiya, lita 1,500. A awa guda lita 45,000 ke nan, a aikin awa takwas lita 360,000, wato tankar ruwa 36 masu lita 10,000. Rijiyarka ko ka bar ta tana aiki awa 20 ba hutawa, abin da za ta ba ka bai kai lita 67,000 ba. Kan dutse Kano take zaune, shi ya sa rijiyoyinmu ba su da ambaliya, kuma tona ta biyu kusa da ta farko sau da yawa ruwa ɗaya suke rabawa.

Amma dilan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Injin ba ya shanye ruwan nan, ratsawa yake yi ya fito da laka. In ka iya raba shi da lakar, ruwan jiya shi ne zai yi wankin yau. Don haka abin lissafawa shi ne wanda ke tafiya ba ya dawowa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ɓarawo na farko yashin ne da kansa. Yana fita jiƙe sharkaf. In ka haɗa da rariya mai karkarwa wadda ke tsane shi, danshin yakan sauko zuwa kashi 12 zuwa 15 cikin 100, wato wajen lita 30,000 a rana sun bi tifa. In babu ita asarar za ta kusa ninkawa, filinka kuma ya zama taɓo. Na biyu lakar ce. A ce kashi 10 cikin 100 na tan 240 da kake zubawa a rana laka ce: tan 24 ke nan, kuma a gindin kududdufin da ake tara ruwan wankin domin lakar ta kwanta, takan riƙe ruwa kusan ninki biyu na nauyinta, wajen lita 45,000. Rana ma tana ɗibar rabonta (Tafkin Chadi kansa yana asarar kimanin mita 2 na ruwa a shekara ta wannan hanya), amma a kududdufi mai mita 20 da mita 30 abin bai wuce lita 4,000 zuwa 5,000 a rana ba. In ka tara, kana neman sabon ruwa kusan lita 80,000 kullum. Rijiyarka ta kusa, amma ba ta kai ba. Da ni ne, awa biyar zan riƙa kunna injin, in bar rijiya ta cika ma'aji da dare.

Yanzu ga inda mutane ke faɗuwa, wato kududdufin. Ƙwayar yashi mai milimita 1 tana nutsewa zurfin mita guda cikin daƙiƙa 10. Rairayi mai laushi, minti 2. Garin laka mai milimita 0.01, awa 2. Yumɓun da ya fi wannan laushi sau goma sai ya yi kwana 8 yana yawo a ruwa. Wannan ne ya sa rami ɗaya ba ya aiki. Na taɓa zuwa wani wurin fasa dutse a gefen Abuja inda aka haƙa rami guda, bututun shiga da na fita suna kallon juna. Ba a yi wata biyu ba ramin ya cika da taɓo, famfo yana zuƙo kunu yana mayar wa injin. Yashin da ke fitowa ya fi wanda ke shiga dauɗa, mai wurin kuwa yana ta zagin 'yan Chana.

Ka yi ramuka uku a jere, ruwa ya malala daga wannan zuwa wancan ta sama, ya shiga ta wannan kusurwa ya fita ta waccan mai nisa. Ramin farko ka yi masa ɗan'uwa, domin in ɗaya ya cika a karkatar da ruwa zuwa ɗayan, shi kuma ya bushe a kwashe. Ka bar gangara inda motar kwasa za ta sauka. Bakin famfo ka ɗaure shi a jikin duro mai yawo, ya riƙa jan na sama. Gindin ramin ƙarshe a daɓe shi da yumɓu ko siminti ko leda mai kauri, in ba haka ba ƙasa za ta sha fiye da duk ɓarayin da na lissafa. Cikon farko da ruwan damina za ka yi shi, ya fi araha.

Abubuwa biyu suna rage wahalar. Akwai wani mazurari da ake kira saikulon, yana juya ruwan da ƙarfi ya ƙwato rairayin da injin wankin ke zubarwa. Wannan rairayin kuɗi ne, yashin filasta ne, bai kamata ya je ya cike maka rami ba. Sai maganin da ke dunƙule laka ta nutse cikin mintoci. Aikinsa ɗaya da na alif ko ƙwayar zogale da iyayenmu ke sakawa a randa, sai dai na masana'antu, wanda ake kira folima, ɗan kaɗan ake sawa, kuma sai an jiƙa shi ya narke tukuna. Manyan kamfanoni suna ƙara katafaren tankin kwantar da laka da injin matse ta, su dawo da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansu. Wannan ya fi ƙarfin gidan bulo, kuma yana son wutar da ba ta ɗaukewa.

Batun rafi kuwa, a'a, Alhaji. Ruwan laka yana toshe magudanar masu lambu, yana kashe kifi, kuma a yankinku duk abin da aka zuba a rafi ƙarshensa kogin Kano ko na Challawa, inda matatun Tamburawa da Challawa ke ɗibar ruwan da kai ma kake sha. Hukumar tarayya mai kula da dokokin muhalli, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da hurumi a kan sakin gurɓataccen ruwa, haka ma ma'aikatar muhalli ta jiha. In kuma da kanka za ka riƙa haƙar yashin, dokar ma'adinai ta 2007 ta ce sai da lasisi. Busasshiyar lakar ka neme ta da masu tubalin ƙasa ko masu cikon fili.

Ramukan nan ka kewaye su da waya tun ranar farko. Laka takan yi ɓawo a sama, yaro ya ga kamar ƙasa ce ya taka, ƙarƙashi kuwa kunu ne mai zurfin mutum.

Ka yi gwajin kwalbar a kan tifa uku daban-daban, ka aiko min da kaurin yashi da na laka na kowacce, sai in lissafa maka girman ramukan.