Tambayi Likita: Gyambon da Ya Ƙi Daina Tsiyaya

TAMBAYA: Likita, mahaifina mai shekara 64 ya buge ƙwaurinsa da ƙarfen gado wata biyar da suka wuce. Ciwon bai fi farcen babban yatsa ba, amma ya ƙi warkewa. Wani ruwa garai-garai mai ɗan rawaya ke ta tsiyaya, sau uku muke sauya bandeji a rana. Dama ƙafar takan kumbura da yamma. Ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta har zagaye uku, kuma ba shi da ciwon suga. Ina mafita? — Wata mai karatu

AMSA: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Ban ga ƙafar ba, amma ruwan da kika kwatanta bai yi kama da mugunya ba. Ya fi kama da ruwan limf, wanda wasu siraran hanyoyi a ƙarƙashin fata ke kwashewa su bi da shi ta kaluluwar matsematsi, su mayar cikin jini. Idan hanyoyin sun gaza, ko jijiyoyin da ke mayar da jini sama sun yi sanyi, ruwan sai ya taru a ƙafa. Da fata ta ɗan fashe ya samu ƙofa. Miki kuwa ba ya haɗewa muddin ruwa na turo shi daga ciki, shi ya sa zagaye ukun nan ba su yi komai ba.

Ki gwada tsunkule fatar gindin yatsan ƙafarsa na biyu. In ta ƙi ɗagowa, alama ce ta kumburin limf.

A asibiti, abu na farko da zan nema shi ne a gwada ƙarfin jini a idon sawu a kwatanta da na hannu. Idan aka raba awon idon sawu da na hannu, sakamakon ya kai 0.8 zuwa 1.3, ana iya ɗaure ƙafar da bandeji da ƙarfi. Ƙasa da 0.5 kuwa ɗaurin na iya kashe ta. Don haka kada ku matse ta a gida da ka. Sai hoton jijiyoyi, da duba zuciya da ƙoda, domin su ma suna kumbura ƙafa. Mikin da ya wuce wata uku ana kula da shi bai motsa ba, ina so a yanki ɗan naman a duba. Jefi-jefi ciwon daji kan ɓuya a nan.

Jigon maganin shi ne ɗauri: bandeji hawa-hawa daga gindin yatsu zuwa ƙasan gwiwa, da auduga mai shan ruwa sosai, da man da zai kare fatar gefe daga jiƙewa. Sau da yawa tsiyayar kan ragu cikin 'yan kwanaki. Idan ta ƙi, akwai na'urar da ke zuƙe ruwan miki, ko a saka rini a gano hanyar da ta fashe a ɗaure ta. Ƙwayar sa fitsari, wadda mutane ke rububi, ba ta gyara hanyoyin limf.

Baba ya riƙa tattaki, domin naman dambubu ne ke tura ruwan sama. In ya kwanta a ɗora ƙafar kan matashi ta ɗara ƙirjinsa, kuma ya daina barci a kujera ƙafa na lilo. Idan kuka ga zazzaɓi, ko ja da zafi na bazuwa, ko ruwan ya yi kauri da wari, ku kai shi asibiti a ranar.