Na biya fiye da rabin kuɗin pragya, Alhaji ya ce zai karɓe: mene ne hukuncin?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne a Aboabo, nan Kumasi. Ina da mata da 'ya'ya biyu, mahaifiyata ma tana hannuna. Bayan na gama sakandare na shekara uku ina neman aiki ban samu ba, sai wani Alhaji a unguwarmu ya sayi sabuwar pragya, wato keke mai ƙafa uku na ɗaukar fasinja, a kan sidi 40,000, ya ba ni a kan tsarin da muke kira "wok an pe": in riƙa kai masa sidi 600 duk mako har kuɗin ya cika 60,000, sannan ya mayar da takardu da sunana. Na ba da 3,000 kafin alƙalami, na kuma biya mako 60 ban tsallake ko ɗaya ba. Mai da taya da kowane gyara ni nake yi. Sai injin ya buga, na ci bashi na gyara shi a Suame Magazin, ina fita daga wannan kuma zazzaɓin taifot ya kwantar da ni. Yau mako 5 ke nan ban kai ba. Alhaji ya ce zai ɗora sidi 50 a kan kowane makon da na makara, idan kuma ya kai mako 8 zai karɓe kekensa, abin da na biya ya zama kuɗin haya. Ba mu rubuta komai ba. A gaban yayana da wani dattijon tasharmu aka yi maganar, kuma gaskiya tun ranar ya ce wanda ya kasa biya za a karɓe. Wani abokina kuma ya ce tun farko kuɗin ruwa na shiga, don haka abin da nake ciyar da iyalina haram ne. Malam, wannan ta fi hana ni barci. Ina mafita?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya ƙara maka lafiya, ɗana, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Bari in fara da abin da ya hana ka barci. Abincin da ka kai gidanka halal ne. Guminka ne, ka ɗauki mutane ka kai su inda za su, sun biya ka. Manzon Allah (SAW) ya ce mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo itace a bayansa ya sayar ya fi masa alheri a kan ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana shi. Buhari ne ya ruwaito. Abokinka ya ji tsoron Allah, kuma tsoron yana da kyau, amma ya yi fatawa ba da ilimi ba.

Abin da ya rikita shi, ya ga 40,000 ta zama 60,000. Hausa ma ta ƙara ruɗa mutane a nan, don da rubutu ɗaya muke rubuta ribar ɗan kasuwa da ribar da Alƙur'ani ya haramta. Allah ya raba su a aya ta 275 ta Suratul Baƙara: ya halatta ciniki, ya haramta riba. Da Alhaji kuɗi ya ƙirga ya ba ka, 40,000, ya ce ka mayar masa da 60,000, to wannan kuɗin ruwa ne tsagwaronsa, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa a zaurukanmu ta faɗa ƙarara cewa bashin da ke jawo amfani bai halatta ba. Shi kuwa keke ya saya da kuɗinsa, ya mallake shi, sannan ya sayar maka a kan farashi ɗaya sananne, da lokacin biya sananne. Mazhabobin nan huɗu sun halatta farashin bashi ya ɗara na kuɗi hannu, matuƙar an rabu a kan farashi guda. Biya kashi-kashi ma yana da asali: Barira, wata baiwa a zamanin Annabi (SAW), ta yi yarjejeniyar fansar kanta da iyayen gidanta a kan kuɗi uƙiya tara, uƙiya ɗaya duk shekara, kuma Annabi (SAW) bai hana ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da wannan hukunci a zamanta na Jidda a 1990.

Ko 20,000 ta yi yawa? Shari'a ba ta yanka wa ribar ciniki iyaka ba. Kuma a yi wa masu kekuna adalci: wanda ya zauna a Gana a Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, ya san sidin da za a biya ka bayan shekara biyu ba shi ne sidin da ka fitar yau ba. Don haka ban ga laifin Alhaji a farashin ba.

Laifin yana wani wuri, kuma shi ne ciwon wannan tsari duka, daga Aboabo zuwa Sawaba zuwa Asawase. Mai keke yana riƙe da baki biyu. Ranar da injin ya buga, sai ya ce maka kekenka ne, je ka gyara. Ranar da ka kasa biya, sai ya ce kekensa ne, haya kake yi. Idan asara ta zo kai ne mai shi, idan ƙwace ya zo shi ne mai shi. Shari'a ba ta yarda mutum ɗaya ya tsaya a gurbi biyu haka ba. Annabi (SAW) ya ce amfanin abu yana tare da ɗaukar nauyin asararsa, hadisin Nana A'isha ne da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Wanda ya ce abu nasa ne, to lalacewarsa ma tasa ce. Wannan ne ya sa Majalisar Fiƙihun, a zamanta na Riyad a 2000, ta hana a ɗora ƙulli biyu mabambanta, ciniki da haya, a kan abu ɗaya a lokaci ɗaya.

Sai mu tambaya: me kuka ƙulla a haƙiƙa? Ni abin da na gani ciniki ne. An ambaci jimillar farashi, ka ba da kafin alƙalami, duk gyara a kanka yake, kuma kowa a tasha ya san mai "wok an pe" saye yake yi. A ƙulle-ƙulle ma'ana ake dubawa, ba sunan da aka laƙaba daga baya ba. Tunda ciniki ne, keken naka ne tun ranar da ka karɓi mukulli, Alhaji kuma bashi yake bin ka. Ka biya 39,000, saura 21,000. Takardun da ke hannunsa jingina ce, kuma yana da haƙƙin ya riƙe su har ka gama, domin Annabi (SAW) da kansa ya sayi abinci bashi a wajen wani Bayahude ya jinginar masa da sulkensa.

To jingina fa, ana cinye ta? A nan Imamu Malik ya yi maganar da kamar tasharku yake kallo. Ya kawo a Muwaɗɗa, daga Sa'idu ɗan Musayyib, cewa Annabi (SAW) ya ce jingina ba ta kullewa. Sai Malik ya fassara: mutum ya ba da jinginar da ta fi bashin daraja, ya ce idan ban kawo haƙƙinka zuwa lokaci kaza ba ta zama taka. Malik ya ce wannan bai halatta ba, sharaɗin rusasshe ne. A Muhtasar na Halilu ma, cikin sharuɗɗan da ake jefarwa cinikin kuwa ya inganta, akwai cewa idan bai kawo kuɗin zuwa lokaci kaza ba to babu ciniki. Saboda haka maganar da Alhaji ya yi ranar farko, ko da ka amsa da to a gaban shaidu, ba ta ba shi ikon haɗa keke da 39,000 ya tafi da su ba. Yardar mutum ba ta halatta abin da Allah ya haramta, balle yardar wanda ya shekara uku ba aiki, wanda ko me aka gindaya masa zai karɓa. Wannan cin dukiyar mutane da ɓarna ne, wanda aya ta 29 ta Suratun Nisa'i ta hana. Kafin alƙalamin ma, a mazhabar Malik, cikin farashi ake lissafa shi, ba ya ɓacewa.

Iyakar abin da zai iya, idan ta tabbata ba za ka iya ci gaba ba har abada, shi ne a sayar da keken a farashin kasuwa, da saninka ko ta hannun mai hukunci, ya ɗauki 21,000 ɗinsa, ragowar taka ce. Misali, idan aka sayar 28,000, za a miƙo maka 7,000. Idan kuma kuɗin bai kai ba, cikon yana kanka bashi.

Idan Alhaji ya dage cewa haya ce, to ya ɗauki hukuncin haya gaba ɗayansa. Risala ta ce wanda ya yi hayar kaya ba ya ramuwa idan suka lalace a hannunsa, kuma ana gaskata shi sai in ƙaryarsa ta bayyana. Ke nan kuɗin gyaran inji zai dawo maka da su, in ba sakacinka ne ya jawo ba, makonnin da keken ya kwana a wajen makaniki babu haya a cikinsu, 3,000 ta dawo, sannan a kira dattawan tasha su faɗi nawa ne hayar irin wannan keke a mako, duk abin da ka biya sama da haka a mayar maka. Ya zauna ya yi lissafi, zai ga hukuncin ciniki ya fi masa sauƙi.

Sidi 50 na makara kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Shi ne ribar Jahiliyya da kanta: ko ka biya, ko in ƙara. Risala ta hana jinkirta bashi a kan ƙari. Haram ne ya karɓa, kai ma kada ka amince da shi.

Yanzu ga Alhaji, idan wannan amsa ta isa gare shi, kuma ina so ta isa. Alhaji, Allah ya saka maka, ka ɗauki yaro daga zaman banza ka ba shi sana'a, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a zangonmu. Amma dubi abin da yake ɗauke da shi. Mafi ƙarancin ladan aikin yini a Gana a 2025 sidi 19.97 ne. Sidi 600 da yake kawo maka duk mako ya kai ladan kwana 30 na irin wannan ma'aikaci, kuma sai ya fitar da shi kafin ya sayi mai, kafin a ɗora tukunya a gidansa, kafin kuɗin ɗaki da mai gida ke nema na shekara ko biyu a dunƙule. A 2023 kuma aka taƙaita shigar pragya tsakiyar gari, wajen Adum da Kejetia inda fasinja ya fi yawa. A haka ya yi mako 60 bai saɓa ba. Wannan ba mai taurin bashi ba ne. Hadisin da ya ce jinkirin mawadaci zalunci ne, mawadaci ya ambata. Wanda ciwo ya kayar, hukuncinsa yana aya ta 280 ta Baƙara: idan mai ƙunci ne, a saurara masa har ya samu sauƙi. Wannan jinkiri wajibi ne a kanka, ba alfarma ba. Yafe wani abu daga ciki shi ne alfarmar, kuma ayar ta ce ya fi muku alheri. Na sha ganin keke ɗaya ya ratsa hannun samari uku, kowanne ya biya rabi ko fiye a karɓe, mai shi ya tara kuɗin keke biyu keken yana nan a ƙofar gidansa. Ina jiye wa mai irin wannan dukiya tsoron ranar da za a tambaye shi ta ina ya same ta.

Kai kuma ɗana, kada ka ɗauki fatawar nan ka mai da ita sanda. 21,000 bashi ne a wuyanka, ko mutuwa ba ta sauke shi. Ranar da ƙarfinka ya dawo, jinkirin ya ƙare. Idan ka samu 300 ka kai 300, kada ka jira sai ta cika, kada kuma ka ɓoye ciniki ko ka kashe wayarka idan ya kira. Ka nisanci shagunan cacar ƙwallo da sunan neman cikon kuɗi, da bashin waya mai ruwa, don ba a wanke najasa da fitsari. Idan akwai amintaccen direba, ya halatta ka ba shi keken haya kafin ka warware, tunda naka ne, amma ka sanar da Alhaji saboda jinginarsa. Kuma ka sani kana cikin mabarta da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, wato waɗanda bashi ya danne, don haka ya halatta masu zakka su biya maka makonnin da suka taru da bashin gyaran inji. Babu kunya a cikin wannan.

Kuskuren da ku biyu kuka yi tarayya a ciki shi ne rashin rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, mu kuwa sai mu ce ai Alhaji babanmu ne, kunya ba za ta bari a kawo takarda ba. Dokar Gana ta 1974 a kan sayen kaya da biya kashi-kashi ita ma rubutu take nema, kuma ta hana mai kaya ƙwace su da hannunsa bayan an biya rabin kuɗin, sai ta hanyar kotu. Idan abin ya ƙi, ofishin taimakon shari'a na gwamnati yana nan Kumasi. Amma ban so ku fara da can ba.

Ka ɗauki yayanka da dattijon da ya shaida, ku je wajen limamin masallacin da Alhaji yake salla, a kira shi cikin girmamawa, ba a tasha ba, ba a gaban yara ba. Ka fara da godiya. Sannan a rubuta abin da aka biya da abin da ya saura, a soke sidi 50, a mayar da makonni 5 ɗin ƙarshen lissafi ba tare da ƙarin ko kwabo ba, a rubuta cewa takardu jingina ne, kuma idan biya ya gagara sayarwa za a yi a ba kowa haƙƙinsa. Kowa ya sa hannu ya riƙe kwafi, limamin ma ya riƙe ɗaya.

Wallahu a'alam.