Fulin inji: a canza tun yana lafiya, ko a jira sai ya yi ƙara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Hilux mai shan dizal da nake dakon kaya da ita tsakanin Kano da Gashuwa, ta haura kilomita 300,000. Na je canza fambel, sai bakanike ya ce in haɗa da duk fulin da ke gaban inji. Motar ba ta wata ƙara. Shawara ce ta gaskiya ko neman kuɗina yake yi? Daga mai karatu a Haɗeja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bakanikenka yana da gaskiya, sai dai kalmar "duka" ta yi yawa. Fulin da bel yake bi ta kansu ba iri ɗaya ba ne, kuma ba lokaci ɗaya suke tsufa ba.

Waɗanda zan ce ka canza ba tare da ja-in-ja ba su ne rola da ajasta. Rola aikinta kawai ta riƙe wa bel hanya, ajasta kuma shi ke ɗaure shi da ƙarfin sifirin. Dukansu a kan boris suke juyawa, boris ɗin kuma a rufe yake da giris ɗinsa tun daga kamfani, ba a ƙara masa. Zafin inji yana busar da giris ɗin a hankali, ƙurar hunturu tana kutsawa ta gefen murfin, ruwan damina da na masu wankin mota da famfo mai ƙarfi su ƙarasa sauran. Motar da ta ci kilomita 300,000 a irin hanyarka, in har rolar da ta zo da ita ce a jiki, ta gama biyan kuɗinta. Shi kuwa ajasta, ko boris ɗinsa na nan lafiya, sifirin ɗinsa yana saki. Ka sa sabon bel a kan ajastan da ya saki, bel ya riƙa zamewa yana cinyewa, bayan 'yan watanni ka zargi mai shago cewa jabu ya sayar maka. Shi ya sa kamfanonin da ke ƙera bel, irin su Gates da Dayco, suke ba da shawarar a canza su tare.

Kada rashin ƙara ya rarrashe ka. Injin dizal yana da hayaniyar da za ta rufe kukan ƙaramin boris. Kuma ranar da rola ta cije, bel ya tsinke ko ya goce, abubuwa da yawa ke tsayawa lokaci guda: altaneta ta daina cajin batir, famfon ruwa ya daina juya ruwan lagireto, inji ya ɗau zafi cikin mintuna kaɗan. Direban da ya ce bari ya lallaɓa zuwa gari na gaba shi ne ke ƙona gasket. Ka auna kuɗin rola biyu da kuɗin janwe, da kwana a bakin titi da kayan mutane a bayan mota.

Gwajin ba wuya, kuma a gabanka ya kamata a yi shi. Idan an cire bel, a juya kowace rola da hannu. Mai lafiya tana juyawa sumul, da ɗan nauyi, ta tsaya da wuri. Wadda ta yi ta wulwulawa tana "shuuu" ba lafiya ce da ita ba, giris ɗinta ne ya ƙare, kodayake yaran gareji da yawa suna ɗaukar wannan a matsayin alamar kyau. Sannan a girgiza ta gefe da gefe. In tana kaɗawa, a jefar.

Fulin da ke ƙarfe zalla, kamar na famfon ruwa da na sitiyari, ba su da boris a jikinsu. In ba su lanƙwashe ba, ramukansu ba su cinye ba, ka bar su inda suke. Na karanshaf kuwa a duba shi da kyau, domin ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, robar ce ke shanye girgizar inji. In ta tsattsage, ko ta kumbura saboda baƙin mai na ɗiga a kanta daga sil, a canza fulin, a gyara yoyon tukuna. Akwai dabara mai sauƙi: a ja layi da alli daga tsakiyar fulin zuwa bakinsa, a yi tafiya, a dawo a duba. In layin ya rabu biyu, robar ta fara zamewa.

Abu ɗaya kuma, tunda taka mai dizal ce. Injinan dizal na Hilux samfurin 2KD da 1KD suna da wani bel a ciki, taimin bel, wanda Toyota ta sa a canza a kilomita 150,000, har fitilar T-BELT ke kamawa a dashbod. In ɗaya daga cikinsu ne a motarka, ta kai zagaye na biyu ke nan. Taimin bel ɗin ma yana da rolarsa da ajastansa, kuma a nan ba na yarda da rowa ko kaɗan, domin in ya tsinke fistin ne zai daki bawul. Masu Hilux mai fetur ta 2.7 ba su da wannan damuwar, sarƙa ce a tasu.

Tambaya: Ni DAF nake da ita, tirela. Bakanike ya ce ba sai na sayi rola sabuwa ba, zai fitar da boris ya sa wani. In yarda?

Amsa: In rolar ta ƙarfe ce, fuskarta ba ta cinye ba, ka yarda. Yawancinsu boris na gama-gari ne a ciki, lambarsa a rubuce take a gefe, irin su 6203, sai a nemi daidai da ita mai murfin roba ta fuska biyu. Sharaɗina biyu ne. A matsa shi da injin matsawa, ba a buga shi da guduma ba, don bugu yana raunata sabon boris tun kafin ya fara aiki. Sannan a kula da jabu: sunayen SKF da NSK da Koyo suna cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, kwali mai kyau ba shaida ba ce. In rolar ta roba ce, sayi sabuwa. Ajasta kuma sabon boris ba ya dawo masa da ƙarfin sifirin.

Tambaya: In zan sayi rola da ajasta, ɗan Baljiyam ko sabo? A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano an ce min na Baljiyam ya fi ƙarko.

Amsa: Maganar tana da tushe a kan abubuwa kamar giyabos ko marfin inji, inda tsohon asali kan fi sabon kwaikwayo. A kan rola da ajasta ban yarda da ita ba, Malam. Abin da ke mutuwa a cikinsu giris ne da sifirin, kuma babu wanda zai gaya maka tafiyar da suka yi kafin a kwance su daga wata motar. Ka nemi sabo na Toyota ko na kamfanin motarka, ko na INA, Gates ko Dayco, daga shagon da zai karɓi kayansa in sun ba da matsala. Ka je da tsohon a hannu a gwada faɗi da tsayi, domin rolar da ta goce da 'yan milimita tana iya cinye gefen bel. Tsohon bel ɗin kuma, in bai tsinke ba, ka ajiye shi a bayan kujera tare da sifanar da ke sassauta ajasta.