Amsa ga ƙanina mai son zuwa Jamus yin mastas

Wa alaikumus salam ƙanina, ya gida ya su Baba, ya zafi. Naga saƙonka tun ranar, aiki ne ya sha kaina sai yau na samu zama. Abinda na fahimta a dogon bayaninka shine ka gama injiniyan noma, kayi hidimar ƙasa, kuma abinda yake ci maka tuwo a ƙwarya shine na'urar busar da tumatir mai aiki da hasken rana da ka haɗa a furojek ɗinka, ka kashe kuɗinka ka sha wahala aka baka maki mai kyau, yanzu tana can bayan dipatmen tana tsatsa babu manomi ko ɗaya a Kura ko Kadawa da ya san da zamanta. Shine kake tambaya wai da gaske ne a Jamus bincike yana fita daga jami'a ya shiga kamfani, kuma in haka ne wace jami'a zaka nema, harda turo min jerin jami'o'in da suka fi suna a duniya.

Toh da gaske ne. Amma kar ka ɗauka don sun fi mu ƙwaƙwalwa ne ko don malamansu sun fi namu kishi, wallahi na ga malamai a gida da suka fi wasu na nan Jamus hazaƙa nesa ba kusa ba. Maganar kuɗi ce da yadda aka ɗaure tsarin. Akwai wata ƙungiyar bincike da ake kira Fraunhofer, an kafa ta a 1949 a Munich, yanzu tana da cibiyoyi sama da 70 a warwatse a ƙasar da ma'aikata wajen dubu 30. Gwamnati bata basu kuɗin gudanarwa gaba ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku take bayarwa, sauran sai sun nemo da kansu ta hanyar kwangila da kamfanoni da ayyukan da ake gasa kafin a samu. Kaga kenan mai bincike a wurin in ya shekara yana rubuta takardu babu kamfanin da ya yarda ya biya kuɗi akan aikinsa, sashensa ne zai ji a jikinsa, dole ya ɗauki jaka ya tafi masana'anta ya tambayi masu ita me ke damunku. MP3 ɗinnan da muka taso muna tura wa juna karatu da waƙoƙi ta bulutut, a cibiyarsu ta Erlangen aka yi mafi yawan aikinsa, kuma sun ci kuɗin lasisinsa shekara da shekaru. Sannan yawanci shugaban kowace cibiya farfesa ne a jami'ar da ke kusa, ɗalibansa suna aiki a cibiyar ana biyansu, a nan suke rubuta kundinsu, daga nan kamfanin da ya kawo kwangilar ya ɗauke su aiki. Akwai kuma wata ƙungiyar binciken mai suna Max Planck, su nasu binciken na zurfin ilimi ne babu ruwansu da ko za'a sayar gobe, kowa da layinsa.

Shiyasa nake ce maka dan Allah ajiye wannan jerin da ka turo. Rankin ɗinnan yawanci yana auna yawan takardun da aka wallafa ne da yadda ake ambatonsu da sunan da jami'a tayi, baya auna abinda kai kake nema. A nan akwai jami'o'i iri biyu, akwai Universität wadda ka sani, akwai kuma Fachhochschule ko HAW, jami'ar ilimi a aikace, irinsu da wuya ka gansu a saman wani jeri kuma naga 'yan uwanmu suna rainasu suna cewa ai foliteknik ce. Digirinsu na mastas daidai yake da na kowa a doka. Kuma kafin mutum ya zama farfesa a irin wannan makaranta, bayan dakta sai yayi aiki kamar shekara 5, aƙalla 3 daga ciki a wajen jami'a, wato wanda yake koya maka yadda ake zana bututun iska mai zafi shi kansa ya taɓa zanawa an ƙera an sayar an dawo masa da ƙorafi. Lambobin wayar tsofaffin abokan aikinsa suna aljihunsa, kuma da su yake sama wa ɗalibansa gurbi. In burinka dakta ne da koyarwa to Universität ta fi maka sauƙin hanya, wannan gaskiya ne, amma ko a can ɗin ka duba sashen ba sunan makarantar ba, ka shiga shafinsu na intanet kaga da waɗanne kamfanoni suke aiki kuma kundayen ɗalibansu na bara a ina aka rubuta su.

Hanyar da ɗalibi yake shiga kamfani guda biyu ce mafi yawa. Ta farko itace Werkstudent, kana karatu kana aiki a fanninka har awa 20 a sati lokacin zangon karatu, ana biyanka albashi, ba irin IT ɗinmu na SIWES bane da wasu wuraren sai dai ka je a sa maka hannu a logbuk ka dawo gida, nan tebur za'a baka da aiki na gaske kuma za'a tambaye ka ina ka kwana. Ta biyu itace rubuta kundin mastas ɗin a cikin kamfanin, kamar wata 6, kamfani ne yake fito da matsalar ya tallata ta kamar yadda ake tallata gurbin aiki, kana da sufabaiza biyu, farfesa a makaranta wanda shine zai bada maki da kuma injiniya a kamfani wanda shi damuwarsa abin yayi aiki.

Bari in baka abinda na gani da idona. Inda nake aiki matsakaicin kamfani ne a wani ƙaramin gari, muna ƙera injinan sarrafa abinci. Wani ɗalibi yazo rubuta kundinsa akan yadda za'a rage wutar da injin busarwa yake ci ta hanyar maido da iskar da ta fita maimakon a watsar da zafinta. Yaro mai ƙoƙari sosai, a kwamfuta komai ya fito tsaf, a ƙaramin injin gwaji ma ya fito. Ranar da ya gabatar aka kira foman ɗin wajen haɗa injina, wanda suke kira Meister, dattijo ne baiyi jami'a ba hannunsa duk kanta, ya zauna shiru har aka gama sannan ya tashi yaje ya buɗe murfin injin ya zura hannu ya nuna inda sabuwar matatar zata zauna yace wa zai wanke wannan, kuma sai an kwance ƙusa nawa kafin a kai gareta, kuma layin zai tsaya minti nawa kowace rana. Domin iskar da aka maido tana ɗauke da ƙura da maiƙo, in ba'a wanke ba abinci ya gurɓata, in kuma ana tsayar da layi kullum don wanki to kuɗin wutar da aka rage ya tafi a nan. Babu wanda yayi wa yaron dariya, farfesansa ma rubutawa yake. Sauran watannin a wajen haɗa injina ya ƙarasa su da rigar aiki da takalmin ƙarfe, shi da dattijon suka mayar da matatar ta zama kamar durowa ana jawota da hannu ɗaya, kuma wannan babin shine ya fi kowanne ƙarfi a kundin. Irin tambayoyin nan guda uku babu wanda yayi maka su ranar difens ɗinka, kuma ba laifinka bane, babu mai sayen na'urar a cikin ɗakin.

Amma akwai abinda zaka biya, gara ka sani tun yanzu. Da yawa daga kundayen da ake rubutawa a kamfani ana sa musu takunkumi, Sperrvermerk suke kiransa, na wasu shekaru babu mai karantawa sai masu bada maki, baka da ikon wallafawa ko ɗora shi a intanet, abinda ka gano kuma a mafi yawan yarjejeniyar na kamfani ne. Wani lokacin ma matsalar da zasu baka 'yar ƙarama ce ainun, wani bawul guda ɗaya zakayi wata shida a kansa. Ni a ganina ga mai irin burinka wannan ciniki ne mai riba, amma ka karanta takarda da kyau kafin kasa hannu kuma ka samu farfesan ya amince da taken tun kafin ka fara, don ba kowanne yake karɓar kundi mai takunkumi ba.

Tunda busarwa ce a ranka ka leƙa Jami'ar Hohenheim da ke Stuttgart. Suna da sashen injiniyan noma na ƙasashe masu zafi, kuma a nan aka fito da wata na'urar busarwa mai kama da dogon rami da rufin leda da fanka, wadda ta bar jami'a wani kamfani ya riƙa ƙerawa ana kaiwa ƙasashe da dama ana busar da 'ya'yan itace da kayan miya da ita, suna da mastas da Turanci ma. Sai dai Stuttgart a jihar Baden-Württemberg take, kuma tun 2017 jihar tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga ɗaliban da ba 'yan Tarayyar Turai ba, alhali mafi yawan sauran jihohin kuɗin rajista ne kawai. Ga kuma kuɗin zama da zaka zuba a asusun banki a kulle kafin a baka biza, daga Satumbar 2024 Yuro 11,904 ne na shekara, ka sake dubawa lokacin da zaka nema don yana hawa. Doka ta baka damar aiki kwana 140 cikakku ko rabin yini 280 a shekara, bayan ka gama kuma wata 18 na neman aiki, amma kar ka gina lissafinka akan zaka samu Werkstudent a watan farko, kasuwar ta ɗan yi sanyi, manya irinsu Bosch da Volkswagen ma sun sanar da rage ma'aikata a 2024.

Sai harshe, kuma wannan ina roƙonka kar kayi wasa da shi. Ko da kwas ɗinka da Turanci ne, kamfanonin da suka fi buɗe wa ɗalibi ƙofa matsakaita ne na iyali da ke ƙananan garuruwa, ofis zasu iya lallaɓawa da kai da Turanci amma a wajen haɗa injina Jamusanci ne zalla wani lokacin ma da karin harshen yankin. Dattijon da na baka labari baya jin Turanci. In baka kai B1 ba, wato matsakaicin mataki a Jamusanci, kafin ka taso, ka nufi B2 da ke gaba da shi cikin shekarar farko, to rabin abinda ya kawo ka zai wuce ka kana tsaye.

Kafin nan kuma ga abinda nake so kayi tun kana gida. Nemi izini ka ɗauko na'urarka ko ka haɗa wata, lokacin kakar tumatir ka kaita gona ka barwa masu shanya suyi aiki da ita da hannunsu, kai kuma ka zauna da littafi, kwando nawa take ci, kwana nawa kafin ya bushe in aka kwatanta da shanyar ƙasa, nawa ɗan kasuwa ya ƙara akan buhu saboda babu yashi kuma launin bai yi baƙi ba, me ya fara lalacewa, mai walda na gari zai iya gyarawa ko sai an nemo ka, sannan ka tambaye su kai tsaye nawa zasu iya biya. Ko amsar bata yi maka daɗi ba ka rubuta ta yadda take. Wannan shafi biyun in ka sa su a wasiƙar neman gurbi sun fi duk wani dogon zance na ina son taimakon ƙasata, farfesan nan da injiniyan kamfani yaren da suke ji kenan. Kuma in tallafin DAAD, hukumar Jamus mai bada tallafin karatu, kake hari, shirinsu na EPOS na ƙasashe masu tasowa yana neman wanda yayi aiki aƙalla shekara 2 bayan digiri, don haka zaman da kake gani kamar ɓata lokaci ne yana iya shiga lissafi in akwai takardar shaida.

Ka zaɓo kwas uku ka turo min da jerin darussansu mu duba tare ko akwai zangon aiki a kamfani a ciki, ka kuma lura da ranar rufewa don wasu na Turanci suna rufe wa 'yan waje tun watanni kafin 15 ga Yuli, ranar rufewar da aka saba. Ka gaida Baba da Umma, kace ina nan zan kira ranar Juma'a in Allah ya kaimu.