Yadda ake auna binciken likitan fiɗa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko yawan takardun da likitan fiɗa ya wallafa ne ke nuna nauyinsa a ilimi. Yawa kaɗai ba ya isa.

Fara da neman sunansa a PubMed da Google Scholar, shafukan intanet na neman takardun bincike, ka duba sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da aikinsa. Ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya kawo a 2005, shi ke haɗa yawan takardu da yawan ambatonsu: h na 10 yana nufin takardu 10, kowace an ambace ta aƙalla sau 10. Lambar h ta Google Scholar takan fi ta Scopus, wani shafin irinsu, domin tana ƙirga har kundayen ɗalibai, ga shi mujallun Faransanci da yawa da likitocinmu ke rubutu a ciki ba sa Scopus. Kada ka gwada lambar wuri ɗaya da ta wani.

Sannan ka buɗe takardun. A jerin marubuta, sunan farko galibi shi ya yi aikin, na ƙarshe ya jagoranta. Rahoton majiyyaci ɗaya bai kai binciken da ya bi masu hudawar hanji ta taifot a asibitin Damagaram na shekaru ba, ya ƙirga wanda ya tashi da wanda ya rasu.

A kula da mujallun da ke karɓar kuɗi su buga cikin kwanaki ba tantancewa, da kuma haɗa aikin masu suna iri ɗaya. Lambar ORCID, wato lambar shaida ta kowane mai bincike, ke raba su.

In don takardun ƙarin girma na CAMES ne, wato hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ka ga farfesa a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, su suka san sharuɗɗan bana.