Bayanin kaya yana ta ƙiftawa in na motsa maus

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Ina haɗa wa yayana shafin intanet na shagonsa na shadda da atamfa nan Katsina, na yi div babba, wato akwati a shafin, a ciki akwai hoto da farashi da maɓallin saye, na sa mouseover ya fito da bayanin kaya in maus ya hau akwatin, mouseout ya ɓoye shi in maus ya fita. To da na matsa da maus daga hoto zuwa farashi sai bayanin ya ɓace ya dawo, alhali ban fita daga akwatin ba, wallahi kwana biyu ina fama.
Ɗalibi daga Ƙofar Ƙaura

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kar ka damu, halin mouseover da mouseout ne haka. Yawancin abin da ya faru kan ƙaramin abu a shafi sai ya hau sama ya iske uwarsa, wato akwatin da yake ciki, ya wuce kakarsa, har can document, wato shafin gaba ɗaya, kamar yaro ya tsala kuka a ɗaki a ji har zaure. Maus na barin hoton nan sai hoton ya saki mouseout, ta hau ta tarar da div ɗinka, kod ɗinka ya ɗauka ka fita ya ɓoye bayani, nan take farashi ya saki mouseover ya dawo da shi, ƙiftawar kenan.

Ka canza su zuwa mouseenter da mouseleave. Su ba sa hawa sama, kuma muddin kana cikin akwatin, ko kan hoto ko kan farashi, ba za su ce ka fita ba. Asalinsu daga Internet Explorer ne na Microsoft, yanzu Chrome da Firefox duk sun san su. In ma nunawa da ɓoyewa ne kawai, :hover na CSS, harshen da ake ƙawata shafi da shi, ya ishe ka.

Amma dan Allah kar wani ya ce ka bi ko'ina kana zuba stopPropagation, wato umarnin da ke hana abin da ya faru hawa sama, ina ganin yara suna haka kuma abin yana damuna, gobe ka sa menu ya riƙa rufewa in an danna waje sai ya ƙi, don ka tare dannawar kafin ta kai document, ka kwana kana neman inda matsalar take.

In kayan sun yi yawa, a ce 200, kar ka liƙa wa kowane maɓalli nasa addEventListener, wato kod mai sauraron dannawa, sa click ɗaya kan uwar da ta ƙunshe su duka, event.target zai faɗa maka ainihin abin da aka danna, closest kuma ya nemo maka akwatin kayan.

Sannan kwastomomin yayanka yawanci da waya za su shigo, waya kuwa ba maus, don haka ka sa bayanin ya fito in an taɓa, ka ari wayarsa ka gwada.